Ɗan Koran da Hanyarsa Ta Shiga Waya

Ranar Lahadi, 12 ga watan Mayu na shekarar 2024, da hantsi, a kasuwar shanu ta Mai'adua, Auta ɗan kora ya fara ganin Siddiƙa. Isowarsa ke nan daga garin Babban Mutum da shanu talatin da ɗaya, bayan kwana biyu a ƙafa. Ya damƙa su ga Abbas dillali, ya zauna a rumfa yana zare ƙaya daga takalminsa, sai ya hangi wata budurwa cikin hijabi ruwan toka ta kara waya kusa da bakin wani bijimi.

"Abbas, waccan lafiyarta kuwa? Ko bijimin ne aka kira a waya?"

Abbas ya yi dariya. "'Yar ƙanwata ce, daga Daura ta zo. Kukan shanu take ɗauka. Kai ma take nema, na ce mata babu wanda ya san daji kamarka."

A lokacin Auta yana da shekara hamsin da huɗu, bisa lissafin da ake yi masa cewa an haife shi shekarar da aka gama yaƙin basasa. Shi ne na tara kuma na ƙarshe a ɗakin uwarsa, shi ya sa sunan yanka ya ɓace, Auta ya zauna. Sana'arsa kora: fatake su sayi shanu a ƙauyuka, su ba shi, ya kai musu kasuwa a ƙafa. Ya gaje ta daga mahaifinsa yana ɗan shekara goma sha biyar, kuma cikin shekara talatin da tara shanu huɗu kawai suka salwanta a hannunsa: biyu ciwo, ɗaya maciji, ɗaya ta faɗa tsohuwar rijiya. Yana da mata ɗaya, Laraba, da 'ya'ya shida.

'Yan koran Babban Mutum su tara ne, ƙarƙashin wani dattijo mai suna Kabo, kuma suna da wata ƙa'ida tun kakanni. Kowace tafiya tana da hanya biyu. Akwai hanyar baki, wadda ɗan kora yake faɗa wa duk wanda ya tambaye shi ta ina zai bi, ko matarsa ce, ko mai shanun. Akwai kuma hanyar ƙafa, wadda yake bi a zahiri, kuma su tara ɗin ne kaɗai suka san ta. Ba wanda yake ɗaukar hanyar baki a matsayin ƙarya. Garkuwa ce, don ɓarawon shanu da kunne yake fara sata kafin ya sa hannu.

Siddiƙa ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta yi bayani. Ta karanci kwamfuta, kuma ita da abokan karatunta biyu suna haɗa gem, irin wasan da ake bugawa a waya. Ɗaya yana zana hotuna, ɗaya yana haɗa sauti, ita kuma take rubuta umarnin da yake sa abin ya motsa.

"Baba, duk gem ɗin da ke wayoyin yaranmu daga waje yake zuwa. Ƙanƙara, da jiragen yaƙi, da mutane masu jan gashi. Ko sun sa saniya sai ka ga ba ta da tozo. Ni so nake mutum ya koro farar saniyarmu daga ƙauye zuwa Mai'adua, ya shayar da ita, ya tsare ta, ya kai ta lafiya."

"To, in ya kai ta, wa zai saya?"

"Babu mai saye. Ya ci wasa ke nan."

"Ya sha rana a banza," in ji Auta. "Allah ya shirye ku."

Amma ya yarda. Sau bakwai suka zauna a rumfar Abbas tsakanin Mayu da Oktoba, ko da yaushe ranar Lahadi bayan an sallame shi. Ita ta riƙa tambaya tana rubutawa: saniya tana iya tafiyar awa nawa ba ta sha ruwa ba, yaya ake gane wadda za ta yi gardama, wane fito ake yi in ana so garke ya tsaya. Ta ɗauki muryarsa yana kiran shanu. Shi ma ya riƙa tambayarta, don Auta mutum ne mai son sanin yadda kowa yake cin abincinsa. Daga bakinta ya ji cewa tafiyar saniya ɗaya ta cinye musu mako uku, don da farko ƙafafunta huɗu tare suke ɗagawa kamar kwaɗo. Ya ji cewa in wuta ta ɗauke sai su kwashi kwamfuta zuwa shagon mai caji. Ya ji cewa a manyan kamfanonin waje mutum ɗari biyu ne suke yin abin da su uku suke yi, kuma mutanenmu ba sa sauke gem daga intanet saboda tsadar data, sai dai su je wurin masu turi a kasuwa a zuba musu, kamar yadda ake zuba fim da waƙa.

"Ashe ku ma 'yan kora ne," ya ce mata wata rana. "Ku sha wuya a hanya, riba ta tafi wurin wani."

Da ta tambaye shi hanya, ya ba ta hanyar baki ba tare da ya yi ko tunani ba, kamar yadda ya saba ba kowa.

A zama na biyar, ranar 8 ga Satumba, ta zo da kwamfuta ta buɗe masa. Ga ɗan mutum da malfa da sanda, ga shanu farare masu tozo, ga fitonsa yana fita daga cikin na'ura. Auta ya matso, bakinsa a buɗe. Sha'aban, abokinsa cikin 'yan kora tara, ya leƙo ta bayansa. Shanun suka yi tafiya, suka yi tafiya, sai ta gaba ta durƙushe. Ta biyu ta bi ta. Kafin a daɗe duk arba'in suna kwance.

"Me ya same su?" Auta ya tambaya.

"Ƙishirwa, Baba. Kai ka ce saniya ba ta wuce awa kaza ba ruwa, na sa haka. Na ɗora hanyar da ka ba ni a kan hoton ƙasa na tauraron ɗan'adam, babu mashaya a tsakani. Na gwada sau ashirin, ba su taɓa kaiwa ba."

Sha'aban ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Jama'a, ku zo ku gani! Autan mata ya kashe shanu arba'in a zaune! Shekara talatin da tara ana cika baki, ashe waya ce za ta tona asiri!"

Ya tafi yana dariya. Abbas yana can yana ciniki. Auta ya zauna yana kallon shanun nan a kwance, ya san na zane ne, amma abin ya tsaya masa a rai. Ɗan mutumin nan mai malfa shi ne, fiton nasa ne, kuma kowa zai ga shanu sun mutu a hannunsa. Ya ce a ransa, ai wasa ne. Abin da aka faɗa a tatsuniya, wa ya taɓa ɗaukar sanda ya je nemansa?

Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki sandarsa ya fara zane. Ga kuka mai reshe biyu inda ake barin burtali. Ga tsohuwar rijiya a bayan tudu. Ga tafkin da ba ya ƙafewa sai bazara ta yi nisa. Siddiƙa ta ɗauki hoton zanen.

"Baba, kowane gem yana bukatar wuri mai wuya a ƙarshe. In kai ɓarawo ne, a ina za ka tsaya?"

"Allah ya tsare ni." Sannan ya dangwala sanda. "Kwarin Marke. Wurin ya matse, shanu sai sun bi layi ɗaya. Wanda ke baya ba ya ganin gaba."

Ya goge zanen da ƙafa kafin Abbas ya dawo.

Gem ɗin ya fito a watan Fabrairu na 2025. Kafin azumi ya raba tsakiya ya cika wayoyin Mai'adua da Zango da Baure, har da ƙetaren iyaka. Bayan salla da kwana uku, Auta yana tsaye a tashar Babban Mutum, sai ya ji fitonsa a bayansa. Ya juya. Wani baƙo ne da bai taɓa gani ba, babban mutum mai gemu, zaune a kan babur, idonsa a kan waya. Auta ya leƙa. Ga kuka mai reshe biyu. Ga rijiyar bayan tudu. Baƙon ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Wannan kwarin ne yake ba ni wahala, nan suke tare ni kullum."

Auta ya ja da baya. Shi a tunaninsa yara ne za su buga. Ya koma gida, Laraba ta kawo tuwo, ya kasa kai loma biyu. Washegari ya sa aka kira masa Siddiƙa a waya, ya ce ta cire hanyar. Ta ce ta ji, amma sake taswira gaba ɗaya zai ɗauki mako uku.

Ba a kai mako ukun ba. Ranar Asabar, 12 ga Afrilu, da la'asar sakaliya, mutum biyar suka tare Sha'aban a Kwarin Marke. Suka sare shi a hannun dama, suka kora shanu ashirin da uku suka yi arewa da su. A tarihin 'yan koran garin ba a taɓa tare kowa a wannan hanya ba.

Kafin Litinin, kalma ɗaya ta zagaye gari: infoma, wato mai kai wa ɓarayi labari. Kowa ya ga hanyar a waya, kowa ya gane muryar. Auta ya san abin da kalmar nan take jawowa. Ya sha jin labarin garuruwan yamma, inda ake cewa in an kira mutum da ita da safe, ba ya ganin azahar, kuma sai bayan an binne shi ake tambayar ko da gaske ne. A masallaci ya ga wanda ke damansa ya ɗan ja jiki, sahu ya bar gibi. Matan da suke shigowa wurin Laraba aron turmi suka ɗauke ƙafa. 'Yan sintiri biyu suka dasa benci a gindin dalbejiyar da ke fuskantar ƙofar gidansa, da bindigogi ƙirar gida a kan cinya, ba su ce masa komai ba, ko sallamarsa ba sa amsawa. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida, sai Auta ya tashi ya leƙa.

"Malam, ka tsallaka wurin 'yan'uwanka a Nijar," in ji Laraba. "Ka bari ƙura ta lafa."

"In na gudu na amsa ke nan. Ku kuma fa? Gidan infoma ƙona shi ake yi."

Talata da yamma saƙon Kabo ya iso: gobe bayan azahar, a zaurensa, gaban liman da Mansur shugaban 'yan sintiri.

Ranar Laraba da hantsi Abbas ya iso da Siddiƙa a motar haya. Idanunta sun kumbura. Suka zauna a soron Auta, 'yan sintiri suna kallonsu daga nesa.

"Kin cire?" shi ne abin da Auta ya fara tambaya.

"Na cire, Baba, kwana uku ban huta ba. Amma sabon zai shiga wayar wanda ya sauke daga intanet ne kawai, su ɗari huɗu da 'yan kai. Sauran duk wurin masu turi suka karɓa, daga wannan waya zuwa waccan. Tsohon yana hannunsu. Ba ni da hanyar kiransa ya dawo."

"Su nawa ne?"

"Ban sani ba. Dubbai."

Auta ya jingina da bango. Magana zarar bunu, in ta fita ba ta komawa.

Siddiƙa ta rage murya. "Baba, ba wanda ya ga ka yi zanen nan sai ni, kuma na goge hoton. Kuka da rijiya da tafki duk ana ganinsu a hoton tauraron ɗan'adam. Zan ce daga can na haɗa. Ni ba 'yar garin nan ba ce, iyaka su zage ni in tafi. Kai dai ka yi shiru."

Auta ya dube ta. A karo na farko cikin kwana huɗu ya ji numfashinsa ya sauka har ciki.

Zauren Kabo ya cika, har waje mutane sun yi cincirindo. Sha'aban yana gefe da hannu a naɗe, bai kalli Auta ba. Mansur ya tsaya a bakin ƙofa, ya tare ta da jikinsa. Siddiƙa ta yi magana daga bayan kawunta, ta buɗe kwamfuta ta nuna musu garinsu daga sama, har rufin gidan Kabo. Zaure ya ɗauki salati. Wasu suka fara gyaɗa kai, wani ya ce, "To, in haka ne ai babu sauran sirri a duniya."

Kabo ya bari surutu ya lafa. Ya haura saba'in, ido ɗaya ya mutu, amma ɗayan yana aikin biyu.

"'Yata, na ga kuka, na ga rijiya. Abin sama yana ganin wuri. Amma yana faɗar wanne ake fara bi?" Bai jira amsa ba. "Auta, yi alwala. Rantsuwa biyu ce."

Liman ya ɗora Alƙur'ani a kan buzu. Auta ya durƙusa, ruwan alwala yana ɗiga daga gemunsa.

"Ta farko. Ka rantse ba ka san waɗanda suka tare Sha'aban ba, ba ka aika musu ba, ba ka ci ko ƙwandala daga gare su ba."

Ya ɗora hannu ya rantse, muryarsa a tsaye.

"Ta biyu. Ka rantse ba ka taɓa buɗe wa kowa hanyar ƙafa ba."

Hannunsa yana sama da Littafin. Yana jin Mansur ya gyara tsayuwa a bayansa. Yana jin kukan ƙaramar 'yarsa a can waje, wurin da mata suka taru. Kalma shida ko bakwai ne kawai, in ya faɗe su zai koma gida da sandarsa da sunansa. Liman ya ɗago ya dube shi. Sai Auta ya janye hannun ya ɗora a gwiwa.

"Ba zan iya ba, Yaya. Ni na zana mata, da sandar nan, a rumfar Abbas. Har Kwarin Marke ni na nuna."

Waje ya kaure. Wani ya yi ihu a fito da shi. Mansur ya tako zuwa tsakiyar zaure ya kama wuyan rigarsa. "Ya amsa da bakinsa. Ku ba mu shi."

"Sake shi," in ji Kabo. "Auta, nawa ta ba ka?"

"Ba ta ba ni komai ba."

"To, don me?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Shanun cikin wayar ne suke mutuwa da ƙishirwa. Hanyar baki na ba ta, babu ruwa a kanta. Na kasa kallo."

Ba wanda ya san ko dariya zai yi ko kuka. Sai Sha'aban ya yi gyaran murya.

"Ina wurin ranar. Ni na tsokane shi, na tara masa jama'a na ce ya kashe shanu arba'in. Na san halinsa, ko akuyar wani ya gani da ƙishi sai ya tsaya." Ya ɗaga hannunsa mai ciwo kaɗan. "Wawa ne, wallahi, babban wawa. Amma ba shi ya sayar da ni ba."

Kabo ya juya wurin Mansur. "Ɗana, ka san infoma fiye da ni. Wanda ya sayar da jinin ɗan'uwansa, rantsuwar ƙarya za ta gagare shi? Yarinyar nan ta buɗe masa ƙofa, kowa ya yarda, ya ƙi fita. Ba naku ba ne. Namu ne, kuma mu za mu hukunta shi."

Mansur ya daɗe bai saki rigar ba. Da ya saki ya ce, "Idonmu yana kansa."

Kabo ya miƙa hannu. Auta ya gane. Ya ɗauki sandar da ya gada daga mahaifinsa, wadda gumin hannu biyu ya mai da ita baƙa, ya ajiye a gaban dattijon.

Benci ya ƙara kwana goma sha tara a gindin dalbejiya kafin a ɗauke shi. Ba a kama ɓarayin ba, kuma har yau ba wanda ya tabbatar ko daga gem suka san kwarin ko daga wani wuri. An gano shanu shida cikin ashirin da uku. Hannun Sha'aban ya warke, amma yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa. 'Yan kora takwas da suka rage sun bar tsohuwar hanya, sun fitar da wata wadda ta fi ta nisa da rabin yini, kuma ba a faɗa wa Auta ita ba. Siddiƙa tana nan a Daura tana aikinta. Sabon gem ɗinta ba shi da sunan gari ko ɗaya na gaske, kuma tafkunan da ke cikinsa ita ta ƙirƙire su. Tsohon yana nan yana yawo a wayoyi.

Auta bai sake kora ba. Yana tufka igiyar ɗaure shanu a gida, ranar Lahadi ya hau mota ya kai Mai'adua, ya baza a gefen rumfar Abbas. A watan Nuwamba na 2025 ya aurar da 'yarsa ta uku, kuma Kabo da Sha'aban sun halarci ɗaurin auren. Sandar tana rataye a zauren Kabo.